Aikin minzar a gwiwar hannu: uban aka yi wa tayi, ɗan ne ya fi buƙata

Tambaya: Likita, ni mai aikin tayil ne a Jidda, shekarata 48, kuma ina da ciwon suga. Wata bakwai ke nan gwiwar hannuna ta dama tana ciwo ta gefen waje, ko buta na ɗaga sai na ji shi. Sau biyu ana yi mini allura a wurin, ya lafa ya dawo. Yanzu wani likita a asibitin kuɗi ya ce a yi mini aikin minzar, wato na zura kyamara a cikin gaɓa, wai ba yanka ba ne, huda ce kawai, kuma cikin mako guda zan koma bakin aiki. Sannan akwai ɗana mai shekara 19 da yake nan tare da ni. Ya faɗi a babur shekara biyu da suka wuce a gida, aka yi masa ɗori, har yau hannunsa ba ya miƙewa duka, da ƙyar yake kai loma baki, wani lokaci kuma gaɓar ta maƙale sai ya girgiza ta. Shi an ce mu yi haƙuri, haka zai zauna. In yarda a yi mini aikin?

Amsa: Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ba ku lafiya kai da yaron. Ni likitan ƙashi ne, kuma hukuncin ƙarshe yana hannun wanda ya riƙe hannun ya duba, amma bayaninka ya fito sarai har zan iya faɗa maka ra'ayina ba kwana-kwana. Kai kada ka yi gaggawar shiga ɗakin tiyata. Yaron kuwa kada ku bar shi haka.

Maganar "ba yanka ba ne" tana ruɗin mutane da yawa. Minzar tiyata ce sosai. Yawanci ana sa mutum barci gaba ɗaya, a kwantar da shi a gefe ko rubda ciki, a ɗaure damtse da maɗauri mai iska don jini ya tsaya na ɗan lokaci. Sai a ɗura ruwan gishiri kamar mililita 20 a cikin gaɓar don ta buɗe, a yi hudoji, biyu zuwa biyar gwargwadon aikin, kowace ba ta wuce santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ake zura sandar kyamara mai kaurin milimita 4, ta sauran kuma kayan aiki: mai aske nama, mai goge ƙashi, da hantsakin kamo abu. Likita yana kallon allon talabijin yana aikinsa. In an gama a ɗinke kowace huda da zare ɗaya ko biyu, kuma mafi yawan mutane a gida suke kwana ran nan. Fata da tsoka ne aka tausaya wa. Abin da aka yanke ko aka goge a ciki yana nan yadda yake, kuma sai ya cinye lokacinsa kafin ya warke.

Gwiwar hannu ba ta da fili irin na gwiwar ƙafa. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a matse, na damtse da biyu na sangalin hannu, sannan manyan jijiyoyin laka guda uku, masu kai ji da motsi zuwa yatsu, duk sun bi ta jikin gaɓar. Ɗaya tana bayan ƙullin ƙashin ciki, ita ce in ka buge gwiwar hannu sai ka ji minjirya har ƙaramin yatsa. Ɗaya tana gaba tare da babbar jijiyar jini. Ta ukun tana gefen waje, ita ke ɗaga yatsu da wuyan hannu. Tsakanin wasu hudojin da waɗannan jijiyoyi 'yan milimitoci ne kawai. Wannan matsin ne ya sa a 1931 Michael Burman, wani likitan New York da ya gwada kyamarar a gaɓoɓin gawa, ya rubuta cewa gwiwar hannu ba ta dace da ita ba. Ya janye maganar a 1932, amma aikin bai zauna da gindinsa ba sai a shekarun 1980. A 2001 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka fitar da lissafin ayyuka 473 da suka yi cikin shekara 18. Huɗu sun kamu da ƙwayar cuta a cikin gaɓar, kusan kashi 11 cikin ɗari sun sami ƙananan matsaloli kamar huda ta daɗe tana ruwa, mutum 10 jijiyarsu ta sage na wani lokaci ta dawo, babu wanda tasa ta mutu har abada. Sakamako ne mai kyau, amma na hannun gwanaye ne. A wasu wuraren an sha yanke jijiya gaba ɗaya, mutum ya shiga da ciwo ya fito da yatsu a sake. Ka kuma lura da adadin: babban asibiti irin wannan, 473 cikin shekara 18. Likitan ƙashi yana iya yin minzar ta gwiwar ƙafa kowane mako, ta gwiwar hannu kuwa ya shekara bai yi biyar ba.

To, ga ciwonka. Sa yatsa a kan ƙullin ƙashin da ke gefen waje na gwiwar hannun, ka ɗan gangaro kaɗan. Ina kyautata zaton nan ne bakin ciwon. Tsokokin da suke ɗaga wuyan hannu sun taru sun manne a wannan ƙulli ta wata jijiyar nama, kuma duk sanda ka damƙi abu sai sun ɗaure wuyan hannun kafin yatsu su sami ƙarfi. Mai tayil kuwa yininsa ke nan: damƙar cokali, bugun gudumar roba, riƙe injin yanka yana karkarwa, ɗaukar kwalin tayil tafin hannu yana kallon ƙasa. Jijiyar takan yi yadda igiyar guga take yi a inda take gogar bakin rijiya, zaren ya riƙa tsinkewa ɗaya-ɗaya alhali igiyar tana nan. Jiki yana gyara, aiki yana ɓatawa, har gyaran ya kasa cim ma ɓarnar. Tun 1979 likita Robert Nirschl ya nuna cewa in aka duba naman da aka cire a madubin likita, abin da ake gani lalacewa ce da gyaran da bai kammala ba, ba kumburi irin na ƙurji ba. Kuma wannan jijiya a wajen gaɓar take, a jikin jakar da ta lulluɓe ta. Kyamara kuwa gwanintarta a cikin gaɓa take.

Ciwon nan yana kama mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari, ya fi yawa tsakanin shekara 35 da 55, kuma takwas ko tara cikin goma suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Wasu ya kai su shekara biyu. Wata bakwai a wurin mai ciwo lokaci ne mai tsawo, na sani, musamman wanda hannun ne abincinsa, amma a lissafin wannan ciwon ba ka ma kai inda ake fara maganar tiyata ba.

Allurar nan da aka yi maka sau biyu kotizon ce, kusan tabbas, kuma "ya lafa ya dawo" shi ne halinta. A 2002 an yi gwaji a Holan da mutum 185, aka kasa su uku: masu allura, masu gashin ƙashi da motsa hannu, da waɗanda aka ce su jira kawai. Bayan mako shida masu allura sun yi zarra, kashi 92 cikin ɗari sun ji sauƙi, masu jira 32 kacal. Da shekara ta zagayo sai lissafin ya juye: masu allura 69, masu jira 83, masu gashi 91. A 2013 aka sake wani a Ostireliya, inda aka gwada kotizon da allurar ruwan gishiri zalla. Ciwon ya dawo wa fiye da rabin masu kotizon, kashi 54, a ɗaya ɓangaren kuwa 12. Allurar tana kashe zafin, mutum ya koma ya ɗora wa jijiyar kayan da ba ta shirya ɗauka ba, sannan maimaita ta yana raunana naman wurin. Ga ka da suga, ita kuma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. Ta uku kada ka yarda a yi.

Shi aikin da aka ce za a yi maka, ga yadda yake: a shiga gaɓar da kyamara, a huda jakar daga ciki, a kai ga gindin jijiyar da ta lalace, a aske ruɓaɓɓen wurin. Ana iya yin wannan ɗin ta yanka mai tsawon santimita uku ko huɗu, kuma da aka gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a Kanada, ba a ga bambanci ba bayan shekara guda. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna cewa sun ji daɗi. Sai dai ciwo ne mai warkewa da kansa, don haka dole a tambaya: aikin ne ya warkar, ko lokaci da hutun dole da aka samu bayan aikin? Likitoci biyu a Sidni ta Ostireliya, Kroslak da Murrell, sun bi diddigin wannan a 2018. Mutum 26 masu daɗaɗɗen ciwo, rabi aka yi musu aikin yadda yake, rabi aka yanka fata aka buɗe wurin aka mayar aka ɗinke ba a cire komai ba, kuma ba wanda ya san wanne aka yi masa. Duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, kuma daidai da juna. Mutum 26 ba su da yawa, kuma ta yanka aka yi ba ta kyamara ba, don haka ba zan ce gwajin ya rufe magana ba. Amma ya isa ya sa likita mai tsoron Allah ya rage ɗoki.

Ni ina yin aikin, kada ka ɗauka ina hana shi ne baki ɗaya. Ina yi wa wanda ya kai shekara ko kusa da haka, ya yi motsa hannu na gaske wata uku zuwa shida ba wasa ba, ya rage abin da yake tayar da ciwon iya ƙarfinsa, amma har yanzu ba ya iya neman abincinsa. A irin wannan mutumin minzar tana da wata fa'ida ta gaskiya, gani ya kori ji: wani lokaci akan tarar da wani ninkin tantani yana shiga tsakanin ƙasusuwa, ko guringuntsi ya zaizaye a gefen waje, a gyara a zama ɗaya. Tana kuma da nata haɗarin, domin in aka zarce da aski ta baya za a taɓa igiyar da take riƙe gaɓar ta waje, gwiwar hannun ta koma tana gocewa in mutum ya dafa zai tashi.

Mai yiwuwa likitanka ya ga wani abu da ba ka ambata ba, don haka tambaye shi kai tsaye: me ka gani a cikin gaɓar? In amsar ita ce hoton ranin, wato MRI, ya nuna jijiya ta ɗan yage, wannan kaɗai bai isa hujja ba. Mutane da yawa masu shekarunka in aka ɗauke su hoton za a ga irin haka alhali ba sa jin komai. Ya kamata kuma a tabbatar ciwon daga nan yake. Jijiyar laka da ta matsu a wuya tana iya jefo ciwo har gwiwar hannu, haka ma wadda ta matsu a cikin tsoka kamar yatsu uku ko huɗu ƙasa da ƙullin. Waɗannan ko sau goma aka aske jijiyar nama ba za su tafi ba. In kuwa gaɓar ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi da gumin dare, to wata magana ce daban, a nemi gwajin jini, musamman ga mai shan ɗanyen nonon raƙumi ko na akuya da ake sayarwa a bakin hanya, don cutar da ake ɗauka daga gare shi tana kama gaɓoɓi.

Batun mako guda kuwa, wannan na mai zama a ofis ne. Mai ɗaukar kwalin tayil da buhun siminti mai kilo 50 ya sa wa ransa mako shida zuwa goma sha biyu, ƙarfin damƙa kuma yakan wuce haka kafin ya cika. Wanda ya koma da wuri yakan dawo mana da ciwon da ya fi na da.

Abin da za ka yi yanzu ba shi da tsada, naci yake so. Canza yadda kake ɗaukar kaya: tafin hannu ya kalli sama, gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da jiki, hannu biyu maimakon ɗaya. Naɗa wa mariƙin cokali da na guduma tsumma ko roba su yi kauri, don mariƙi siriri ya fi cin ƙarfin damƙa. Yanka da injin, in da hali, bar wa yaran aikinka na 'yan watanni. Akwai maɗauri da ake sayarwa a kantin magani, ana ɗaura shi kamar yatsu biyu ƙasa da gwiwar hannu lokacin aiki, a cire in an tashi. Sai motsa jijiyar, wanda shi ne ainihin maganin. Ɗora sangalin hannu a kan tebur, tafin hannu yana kallon ƙasa ya zarce bakin teburin, riƙe da gorar ruwa ta rabin lita. Ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sa'an nan ka sauke shi shi kaɗai a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa biyar. Sau goma zuwa sha biyar, zubi uku, kullum. Ɗan ciwo kaɗan ba laifi, amma in ya kwana ya wuni yana zugi to ka yi yawa, rage. In ya yi sauƙi ka ƙara nauyi. Wata uku ake ba shi kafin a ce bai yi ba, kuma ya fi kyau ma'aikacin gashin ƙashi ya ɗora ka a kai ya riƙa dubawa. Don zafi, man shafawa mai diklofenak ya fi maka ƙwayoyin haɗiya. Mai suga da yake aiki cikin zafin Jidda yana zubar da gumi, ƙodarsa ba ta son a jera mata waɗannan ƙwayoyin. Suga da taba, har da shisha, duk suna jinkirta warkewar jijiya.

Za ka ji ana tallar allurar da ake tace jinin mutum a mayar masa a wurin ciwon. Gwaje-gwajen da aka yi a kanta sun saɓa wa juna, kuma galibi daga aljihu ake biya. Ba na hana mai hali, ba na kuma cewa mutum ya ci bashi dominta. Ƙaho a kan ƙullin ƙashin, da ƙona wurin da ƙarfe mai zafi kamar yadda wasu suke yi a nan, ba sa kai wa ga jijiyar, kuma gyambo a fatar mai suga ba abin wasa ba ne.

Yanzu yaron, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Lafiyayyar gwiwar hannu tana tafiya daga miƙe sambal, wato digiri sifili, zuwa kusan digiri 145 a lanƙwashe. Binciken da Bernard Morrey ya yi a 1981 ya nuna yawancin hidimar yau da kullum tana buƙatar daga 30 zuwa 130, da juya tafin hannu digiri 50 sama, 50 ƙasa. Shi ya sa wanda ya rasa ɗan miƙewa kaɗan yake rayuwarsa ba damuwa, amma wanda ya rasa lanƙwasawa yake shan wuya, don da ita ake kai loma baki, a wanke fuska a alwala, a sa maɓallin wuya, a kara waya a kunne. Saurayi ɗan shekara 19 da yake sunkuyar da kai ya tari loma a gaban mutane, ba sai ya faɗa maka abin da yake ji a ransa ba.

Gwiwar hannu ta fi kowace gaɓa saurin ƙagewa in an daɗe da ɗaure ta. Ko a asibiti, in ya wuce mako uku a filasta hankalinmu ba ya kwanciya. Masu ɗori da yawa sun iya haɗa karayar tsakiyar ƙashi, ba na raina musu, amma karayar da ta shiga gaɓa ba a daidaita ta da lalube, kuma karan ɗori yakan daɗe fiye da yadda gaɓar take jurewa. Bayan haka sai a zo ana ja ana murzawa da ƙarfi wai a miƙar da hannun. Wannan yana ƙara yaga a ciki, wani lokaci har sabon ƙashi ya tsiro a cikin tsoka. In har yanzu akwai mai yi masa haka, a daina yau.

Abubuwa huɗu ne suke iya riƙe hannunsa, kuma sau da yawa ba ɗaya ba ne kaɗai. Jakar gaɓar ta yi kauri ta ƙanƙance. Ƙashi ya yi tsiro a bakin gaɓar ko ya cike ramukan da ƙasusuwan suke shiga in an miƙe ko an lanƙwasa. Gutsuren ƙashi ko na guringuntsi ya ɓalle yana yawo a ciki. Ko kuma karayar ce ta haɗe a karkace. Maƙalewar nan da ka ce sai ya girgiza hannun take saki, alama ce mai ƙarfi ta gutsure mai yawo, kuma duk sanda ya shiga tsakanin ƙasusuwa yana kankare guringuntsi ne, wanda ba ya tsirowa. Ciro irin wannan gutsure shi ne aikin da minzar ta fi ƙwarewa a kai a gwiwar hannu, tun farkonta. Ukun farko duka ana yin su ta huda: a ciro gutsuren, a goge tsiron, a share ramukan, a yanke jakar da ta ƙanƙance ta gaba da ta baya. A nan ƙanƙantar huda tana da amfani na zahiri, saboda rashin babban yanka yana ba da damar fara motsa hannun washegari, kuma a wannan aikin motsin da wuri shi ne rabin nasara.

Na huɗun ne kyamara ba ta iyawa. In ƙashin ya haɗe a karkace, ko kan ƙashin sangali ya goce ya zauna a waje, ko ƙashi mai yawa ya tsiro a cikin tsoka, to sai an buɗe, wani lokaci a sake karya ƙashin a daidaita a sa ƙarfe. Abin da zai raba gardama shi ne hoton ƙashi na gaba da na gefe, sannan hoton siti sikan, wanda a wannan matsalar ya fi ranin amfani don ƙashi ake nema. Kada ku ji haushi in likita ya ce buɗewa za a yi. Tabo a bayan gwiwar hannu bai kai hannun da ba ya kai baki muni ba.

Akwai abin da nake so ku tambayi yaron tun kafin ku je: yana jin minjirya ko mutuwar fata a ƙaramin yatsa da na kusa da shi? Jijiyar da ke bayan ƙullin ciki tana miƙewa ne in an lanƙwasa hannu. Hannun da ya shekara biyu bai wuce digiri 90 ko 100 ba, in aka sake shi rana ɗaya, jijiyar da tabo ya riƙe tana iya jin jiki. Shi ya sa a irin wannan hali likitoci da yawa suke ƙara ɗan yanka ta gefen ciki su 'yantar da ita tukuna. Gaɓar da ta ƙage kuma ba ta karɓar ruwa sosai, jijiyoyin ba sa matsawa nesa da kayan aiki, don haka aikin yaron ya fi naka wuya da haɗari nesa ba kusa ba. A lissafin Mayo ɗin nan, ƙagaggiyar gaɓa tana cikin abubuwan da suka fi jawo sagewar jijiya. Ba aikin da za a kai wa kowane likitan ƙashi ba ne. Ku nemi istishari, wato babban likita, wanda ya ƙware a kafaɗa da gwiwar hannu ko a tiyatar hannu, irin waɗanda ake samu a manyan asibitocin Jidda da Makka da asibitocin koyarwa. Matsayin kowane likita yana rubuce a rajistar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya. Ku tambaye shi irin wannan aikin nawa yake yi a shekara, me zai yi da jijiyar ciki, kuma in ya shiga ya ga kyamara ba za ta yi ba, zai buɗe a zaman ko sai wani lokaci. Gwani ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin.

Yaron ya san cewa ranar aiki ba ita ce ƙarshen wahala ba. Abin da aka samu a kan tebur, jiki zai yi ta ƙoƙarin ƙwace shi ta hanyar sabon tabo. Motsa hannu sau da yawa a yini, zuwa gashin ƙashi, wani lokaci da takalmin hannu mai miƙarwa a hankali da dare, wata uku zuwa shida. Ba kasafai hannun yake komawa kamar ɗan'uwansa ba, amma shiga cikin 30 zuwa 130 ɗin nan buri ne da ake cim ma sau da yawa. Ku zaɓi lokacin da zai samu sarari, ba dab da jarrabawa ko tafiya gida ba, don wanda aka yi wa aikin ya tafi inda ba mai duba shi, ya yi asarar aikin.

Duk wanda za a yi wa aikin a cikinku, a gaya wa likitan barci in akwai sikila, ko da rabi ce, saboda maɗaurin damtsen nan da yake tsayar da jini. Kai kuma sai gwajin suga na wata uku ya yi kyau, in ba haka ba huda ƙarama ma tana iya ruɓewa. Kamfanin tamin, wato inshorar lafiya, yana buƙatar rahoton likita ya amince kafin a yi aikin, ku tabbata amincewar ta haɗa da zaman gashin ƙashi na bayansa, don nan ne mutane suke tsintar kansu suna biya da kansu. Ga wanda yake ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 117 ya ba shi hutun rashin lafiya na kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, sai 30 babu albashi, a cikin shekara guda. Mai aikin da sai ya fita yake samu kuwa, shi zai yi wa kansa tanadin watannin. Salla ba ta tsayawa: ana shafa a kan bandeji a alwala, kuma kafin hannun ya iya ɗaukar nauyin sujada mutum ya yi yadda ya sawwaƙa, malamai sun yi bayanin wannan. Bayan an dawo gida, in yatsu suka ƙi ɗagawa ko suka mutu bayan allurar kashe zafi ta sake, ko huda ta wuce 'yan kwanaki tana zubar ruwa, ko zafi ya riƙa ƙaruwa da zazzaɓi, a koma asibiti ran nan, ba a jira ranar da aka rubuta a kati. Lambar ma'aikatar lafiya, 937, tana amsawa dare da rana.

Kafin ku je wurin istisharin, ku nemo duk wani hoton ƙashi da aka taɓa yi wa yaron, ko da a waya yake, musamman na lokacin faɗuwar in an yi. Ku ɗauke shi hoto daga gefe, ɗaya ya miƙe hannun iya iyawarsa, ɗaya ya lanƙwasa iya iyawarsa, da lafiyayyen hannun a gefe don a kwatanta. Ya kuma riƙa lura da wurin da gaɓar take maƙalewa, wajen miƙewa ne ko wajen lanƙwasawa, da sau nawa a mako, domin wannan yana nuna wa likita ko gutsuren yana gaba ne ko yana baya.